GAMBARMU TANA BARAZIL, MU MUNA JIRAN JIRGI YA KAWO MANA CIYAWA

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Duk lokacin da aka taso da maganar kiwo a ƙasar nan, ko ta kwararowar hamada, sai ka ji manya sun fara lissafin abin da za a shigo da shi daga waje. Wannan ya ce ciyawar Barazil, wancan ya ce nafiya ta Tailan, wani kuma ya ce a dasa turare da darbejiya miliyan kaza. Ni dai har yau ban ji wani mai iko ya miƙe a bainar jama'a ya ce a ware kuɗi a tara irin gamba da kyasuwa da gadagi, a ninka shi, a raba wa manoma da makiyaya ba. Abin da Allah ya tsirar mana a ƙofar gida mun raina shi, kuma wannan rainin yana cikin abubuwan da suka jefa mu halin da muke ciki: shanu babu abinci, gonaki suna zaizayewa, daji ya zama fako, manomi da makiyayi suna kashe juna a kan karmami.

Ku tuna a 2016 ministan noma na lokacin, Cif Audu Ogbeh, ya ce gwamnati za ta shigo da irin ciyawa daga Barazil don ciyar da shanu. Mutane suka yi ta dariya da barkwanci a Facebook, kwana biyu aka wuce wurin. Amma abin kuka ne, don ga labarin da yawancinmu ba mu sani ba. A shekarun 1970 masu bincike na wata cibiyar noma ta duniya da ke Kolombiya, mai suna CIAT, suka karɓi irin gamba daga Shika, nan kusa da Zariya. Suka gwada shi a ƙasarsu mai tsami wadda ba ta da ƙarfi, suka ga yana jure fari, yana jure wuta, shanu suna ci suna ƙiba. A 1980 aka fitar da shi ga makiyayan Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma aka raɗa masa Planaltina. Gambar nan dai da muke yanka mu yi zana. Har sunan ma ba su canza ba, a Turance gamba suke ce mata, da Hausarmu.

Ba ita kaɗai ba ce. Ciyawar da ta fi mamaye makiyayun Barazil, wadda ake kira barakiyariya, asalinta daga Afirka aka kwashe ta. Ita kanta nafiyar da ake ta tallarta a waya ana sayar da kara ɗaya da tsada, ciyawar giwa ce ta Afirka, kuma nau'in Tailan ɗin da ake rububi an samar da shi ne ta hanyar haɗa ta aure da gero. Eh, geron da muke fura da shi. Barazil tana da shanu sama da miliyan 200, kuma galibin abin da suke ci ciyawar nahiyarmu ce. Su suka sha wahalar zaɓe da gwaji da ninka iri da zuba shi a buhu, mu kuma muka zauna muna jiran a sayar mana da kayanmu da dala. Yau ka shiga kasuwar ƙauyen da ka ga dama, za ka samu maganin feshi mai kashe ciyawa kala-kala a kan tebur. Ka tambayi mudu ɗaya na tsaftataccen irin gamba ka ga yadda za a kalle ka.

To mene ne a jikin gambar har nake wannan kumfar baki? Ciyawa ce mai shekaru, ba sai an sake shuka ta kowace damina ba. Saiwarta tana nitsewa ta riƙe ƙasa, tushenta yana tare yashi da dattin da iska ke kwasowa. Da an yi yayyafin farko ita ce ke riga kowa tohowa, a daidai lokacin da shanu suka fi galabaita. Kakanninmu da ita suke yin iyakar gona, su sami zana, su sami abincin dabba, gona kuma ta tsira daga zaizaya. Mu da muka yi boko muka zo muka tuge ta, muka fesa mata magani, wai muna faɗaɗa gona. Haka jema, wadda saiwarta ke sauka tsaye kamar raga, ita ce maganin bakin kwazazzabo da gefen rafi. Kyasuwa ana yanka ta a yi ingirici. Gadagi dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma duk mai turken tumaki ya san darajar daminsa. Ga burburwa, ga harkiya, ga burgu a fadama. Kai, ko ƙarangiyar da muke tsinewa idan ta kama wando, a can Arewa mai nisa ita ce ke riƙe da tudun yashi da cikin dabbobi, kuma a shekarun yunwa mutane ma sun ci tsabarta.

Mu koma kan itatuwa. A faɗa mini wace bishiyar waje ce ta kama ƙafar gawo? Da damina, lokacin da gero ke neman rana, sai ya kakkaɓe ganyensa ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa, ya zubo musu 'ya'ya masu gina jiki. Dabbobin su kwanta a gindinsa su yi kashi, gona ta ƙara samun taki. Saiwarsa kuma tana tara sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Manomi bai taɓa shiga aji ba amma ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Tarihi ya nuna Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Sarki tun wancan zamanin ya gane abin da mu masu digiri muke ta shirya taron bita a otal a kansa.

Ka tambayi kowane dattijon Bafulatani abin da ke fitar da shanu daga bazara, zai lissafa maka madobiya da kawo da maɗaci da marke, da 'ya'yan ƙirya da na kalgo da na bagaruwa da na dundu. Ina suke yanzu? Ƙirya da marke sun tafi a buhunan gawayi. Madobiya kuwa tirela-tirela aka yi ta lodinta daga Taraba da maƙwabtanta zuwa tashar jirgin ruwa, sai ƙasar Sin, ana yin kujerun alfarma. Ɓarnar ta kai sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita. Wato abincin ranin saniya muka sayar aka yi kujera, sannan muka dawo muna mamakin abin da ya sa makiyayi yake nausawa Kudu ko yake afka wa gonar mutane. Ban ce wannan ya halatta ɓarna ba, wanda ya cinye gonar wani azzalumi ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon da gatarinmu.

Hatta sabara da kalgo da muke sassabewa mu ƙone kowace shekara, bincike a Senegal ya nuna da daddare saiwoyinsu suna jawo ruwa daga can ƙasa su sake shi a sama-sama, geron da ke kusa ya sha. A shekarar fari wannan ɗan ruwan ne ke raba mai girbi da wanda ya tashi a tutar babu.

To me ya sa duk shekara bikin dashen itace darbejiya ne da turare? Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kwana biyu ina ganin yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur, don haka bari in faɗa muku. Darbejiya tana da saurin tashi a leda, akuya ba ta cika damuwa da ita ba, kuma tana da daɗin ƙirgawa. Kwangilar dashe dubu ɗari biyar tana da sauƙin rubutawa: kuɗin leda, kuɗin mota, kuɗin rumfa, kuɗin 'yan jarida. Babban baƙo ya zo ya tsuguna, a zuba ruwa a buta mai kyalli, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata shida babu wanda zai koma ya ƙirga nawa suka rayu, don ba a rubuta wannan a takardar biya ba. Shi kuwa kututturen gawo da ke tohowa da kansa a gonar talaka, babu kason kowa a cikinsa. Shi ya sa ba shi da mai kare shi a wurin tsara kasafin kuɗi.

Kada a fahimce ni a baibai. Darbejiya ta yi mana rana, inuwar Maiduguri da ta garuruwa da yawa tata ce, Allah ya saka wa waɗanda suka dasa. Amma inuwar titi daban, gandun kiwo daban. Ka je gindin turare ka duba abin da ke tsirowa a wurin, ka duba ko akwai saniyar da ke ɗaga kai ta ci ganyensa. Bishiya ce mai zuƙar ruwa, an kawo ta daga Ostireliya don katako da turaku. A cika fili da ita a ce an farfaɗo da daji, wanka da gari ne, ba ya maganin yunwa.

Abin takaicin shi ne darasin yana nan a bayan katangarmu. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar awa nawa ce? Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar Maraɗi ta koma tamkar faranti. An yi ta dasa itatuwan leda suna mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan lafiya lau a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kare su daga wuta da gatari. Manoma suka kama, suka kira shi sassaben zamani. Aka sassauta dokar daji yadda manomi zai ji cewa bishiyar da ya raina tasa ce. Yau an ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a kudancin Nijar, yawanci a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Babu leda, babu tankar ruwa. A 2020 ma gwamnatinsu ta fitar da doka ta musamman da ke tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raya. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu bai kai namu ba, kuɗinsu bai kai namu ba.

Ku kwatanta da Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan hekta miliyan 4 kawai aka yi a cikin zirin ganuwar. Manoman Nijar da adda da gatari sun yi abin da ya fi haka.

Namun daji ma a nan maganarsu take. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ƙare a ko'ina sai a yankin Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 suka rage a duniya. Aka hana farautarsu, aka bar musu gawo da ƙayoyi da geza da suke ci, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka mayar da su gandun Gadabeji. Mu nan fa? Wanda ya kai shekara arba'in ya tuna yadda zabin daji da fakara da zomo da kurege suke a bayan gari. A cikin tushen gamba zabuwa ke yin ƙwai, a cikin sabara zomo ke ɓuya, furen bagaruwa da na magarya da na ɗorawa ƙudan zuma ke bi. Ka kwashe waɗannan ka jera turare, ka kori kowa. Yaranmu yanzu a waya suke ganin barewa.

Na san abin da wasu za su zo su rubuta a ƙasan rubutun nan, bari in hutar da su.

Wani zai ce gamba ba ta kai nafiya yawan ganye ba, kuma idan ta tsufa tauri take yi. Gaskiya ne. Mai rijiyar burtsatse da taki da kuɗin fetur ya shuka nafiyarsa, Allah ya sa albarka. Amma shanu nawa ne a Arewa suke rayuwa a gonar da ake ba ruwa? Maganata a kan miliyoyin hektocin da ruwan sama kawai suka dogara da shi, wata uku ko huɗu a shekara. Taurin kuma maganinsa a yanka ta kafin ta yi fure, a haɗa ta da gadagi da harawa da 'ya'yan gawo. Sannan aikin masu bincike ke nan, su zaɓo mai laushi mai yawan ganye, kamar yadda 'yan Barazil suka yi. Muna da cibiyar NAPRI a Shika, muna da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, muna da ma'ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan. Masana ba su ƙare mana ba. A ba su kuɗi da umarni a gani.

Wani zai ce ana fama da 'yan bindiga kai kana maganar ciyawa. To ai ba a Rugu ko Kamuku na ce a fara ba. Akwai ƙananan hukumomi da yawa a Jigawa da Kano da Gombe da Bauci da Yobe da ake zaune lafiya, a fara daga can. Kuma duk wanda ya san yadda wutar nan ta faro ya san da burtalin da aka nome da makiyayar da ta mutu a cikin tushenta. Soja zai iya korar ɗan bindiga, amma ba zai tsirar da ciyawa ba.

Wani kuma zai ce a killace shanu kawai a huta. Madalla. A killace su su ci me? Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo, kuma a takarda muna da sama da 400, irin su Wawa-Zange da Bobi da Kachiya. Ka je da yawansu ka gani, tafasa ce ta rufe su, ga fako, ga gonaki. Shingen waya ba ya ƙosar da saniya.

Mai cewa ai duk tsiro tsiro ne, ko daga ina ya zo, ya tambayi mutanen Ostireliya. Sun kai gambarmu can don kiwo, ta fi ƙarfinsu, tana tashi har mita 4, gobararta tana cinye dazukansu, a 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. A nan gida kuwa ita ce mai riƙe ƙasa, don a nan Allah ya ajiye ta tare da abin da ke cinta. Ya kuma tambayi makiyayan Baringo a Kenya, waɗanda aka dasa musu ƙayar furosofis ta nahiyar Amurka don tare hamada, ta mamaye musu makiyaya da mashaya, har a 2006 suka kai akuya marar haƙora kotu a matsayin shaida. Ita wannan ƙayar tana nan ta cika gefen Tafkin Chadi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kuma kada a ce babu kuɗi. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma bashi ne da 'ya'yanmu za su biya. Akwai hukumar Koriyar Ganuwa mai aiki a jihohi 11. A 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya sukutum. Ga abin da nake roƙo, a matsayina na ɗan ƙasa mai biyan haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa:

1. Kowace jiha ta ware filin ninka irin ciyayi da itatuwan gida, a riƙa tsaftace irin, a gwada tsirowarsa, a zuba a buhu da suna kamar yadda ake yi wa masara da shinkafa.

2. Da kaka a sayi irin gamba da kyasuwa da gadagi, da 'ya'yan gawo da aduwa da ƙirya, daga hannun matan karkara da matasa. Kuɗin dashe ya shiga ƙauye maimakon ya tsaya a aljihun ɗan kwangila.

3. Duk kwangilar dashe a rubuta cewa mafi yawan itatuwan na gida ne, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan damina biyu an je an ƙirga masu rai.

4. A yi doka ƙarara cewa bishiyar da manomi ya raya a gonarsa tasa ce. Muddin yana tsoron wani zai zo ya ci shi tara don ya sassaƙe reshen bishiyar da ya raina da hannunsa, to tun tana ƙarama zai tuge ta.

5. Fakon da ke cikin gandun kiwo a haƙa masa ramukan rabin wata masu tare ruwa, a watsa irin ciyawa, a hutar da wurin damina biyu. A yi shi da yardar arɗo da mai gari da manoma, a rubuce, kowa ya san ranar buɗewa da ranar rufewa. Idan ba da su aka ƙulla ba, ranar da motar gwamnati ta juya ranar za a saki shanu.

6. Bakin kowane kwazazzabo da gefen sabon titi a jera jema da gamba. Siminti kaɗai ruwa yana haƙe ƙarƙashinsa ya tafi da shi.

Mu kuma da muke nan muna danna waya, yawancinmu muna da gonar gado ko ta saye a ƙauye. Bana idan za a yi sharar gona, ka kira mai kula maka da ita ka ce duk kututturen gawo da kalgo da aduwa da magarya a bar masa reshe biyu ko uku. Ka ce a mayar da gamba kan iyaka, a daina fesa mata magani. Ko sisi ba za ka kashe ba. Idan ɗan majalisarku ya zo rabon dashe, ka tambaye shi gawo nawa ne a ciki. Idan an ce an dasa miliyan ɗaya bara, ka ce a nuna maka wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bishiyar da za ta ciyar da saniya a bazarar shekara goma masu zuwa, bana ake barin ta ta tashi.

Masana aikin gona da likitocin dabbobi da 'yan'uwa makiyaya da ke cikin abokaina, ku faɗa mana sunayen ciyayin da kuka sani a yankinku waɗanda suka ɓace ko suke shirin ɓacewa, da inda har yanzu ake samun su. Mu fara tara sunayen tun dattawan da suka san su suna raye.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito.